Yadda Asibiti Zai Tare Kuskure Kafin Ya Kai Gadon Majinyaci

Duk wanda ya taɓa aikin dare a asibiti ya san lokacin da ya fi hatsari, wato tsakanin ƙarfe biyu zuwa kiran assalatu, sa'ad da ma'aikaciyar jinya ɗaya take riƙe da ɗaki guda cike da gadaje, likitan da ke bakin aiki yana can ɗakin tiyata, kwalaben allura biyu masu kama da juna suna ajiye a aljihun tebur ɗaya, ga kuma barci yana fizgar ido. A irin wannan sa'a ilimi da kyakkyawar niyya ba su isa su kare majinyaci ba, domin wanda ya fi kowa ƙwarewa ma hannunsa yana iya ɗauko kwalbar da ba ita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan majinyaci 1 cikin 10 yana cutuwa a yayin da ake yi masa magani, kuma fiye da rabin wannan cutarwa abu ne da za a iya kauce masa. A asibitocin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi kuwa, ƙiyasin ya kai aukuwa miliyan 134 a shekara, waɗanda ke da hannu a mutuwar mutane kimanin miliyan 2.6.

Dabarar da za a yi bayani a nan ba a asibiti aka fara gano ta ba. A shekarun 1980 wasu masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, cikinsu har da Todd La Porte da Karlene Roberts da Gene Rochlin, sun lura da wani abu mai ɗaure kai. Akwai wuraren aiki da hatsari ke kewaye da su dare da rana, kamar manyan jiragen ruwan yaƙi da jiragen sama ke tashi da sauka a kansu, da cibiyoyin da ke ba jirage hanya a sararin samaniya, da tashoshin lantarki na nukiliya, amma sai a shafe shekaru ba a ji mummunan labari daga can ba. A kan irin wancan jirgin ruwa ma'aikata kan jeru kafaɗa da kafaɗa su taka filin sauka tun daga farkonsa har ƙarshe suna tsintar ƙusa da guntun waya, domin ƙusa ɗaya idan injin jirgi ya zuƙe ta tana iya hallaka matuƙi. A 2001 Karl Weick da Kathleen Sutcliffe suka taƙaita halayen irin waɗannan ma'aikatu masu tsananin aminci zuwa biyar: hankalinsu kullum yana kan abin da zai iya lalacewa, ba sa gamsuwa da bayani mai sauƙi idan matsala ta auku, suna sane da abin da ke gudana a fagen aiki a wannan sa'a, suna shirya yadda za su farfaɗo idan abu ya ɓaci, sannan idan al'amari ya tsananta maganar wanda ya fi sanin abin ake bi, ko da shi ne ƙarami a muƙami.

Asibitoci sun makara wajen ɗaukar darasin. Sai a 1999, da Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta fitar da rahoton da ya ƙiyasta cewa mutane 44,000 zuwa 98,000 suna mutuwa duk shekara a asibitocin ƙasar sanadiyyar kurakuran aiki, aka fara maganar a fili. A ganina, idan aka tace halayen nan biyar aka shigo da su ɗakin majinyata, abu guda ne yake saura, shi ne saurin da ƙaramin labari mara daɗi yake yi kafin ya isa kunnen wanda zai iya gyarawa. Matakan da ke tafe duk hanyoyi ne na rage wa wannan labari nisan tafiya, kuma yawancinsu ba sa buƙatar sabon gini ko na'ura mai tsada.

A fara da ɗaki ɗaya da cutarwa ɗaya

Abin da shugabannin asibiti suka saba yi shi ne su kafa kwamiti, su buga sanarwa cewa daga yau an rungumi tsarin kare majinyata, su manna ta a kowane bango, bayan wata uku takardar ta yi ƙura aiki kuma yana nan yadda yake. Ya fi amfani a zaɓi ɗaki guda, a zaɓi kuma cutarwa guda wadda ma'aikatan ɗakin da kansu suka san tana damunsu, kamar zubar jini bayan haihuwa, ko ruɓewar rauni bayan tiyata, ko kuskuren awon maganin yara. Gano ta ba shi da wuya. A zauna da kowane ma'aikaci, har da mai shara da mai tura gado, a yi masa tambayoyi biyu irin waɗanda Peter Pronovost da abokan aikinsa suka riƙa yi a asibitin Johns Hopkins: ta wace hanya kake jin majinyaci na gaba zai cutu a ɗakin nan, kuma me za a yi a hana? Daga nan sai a haɗa ɗakin da wani babba daga hukumar gudanarwa, wanda zai riƙa zuwa duk wata da ƙafarsa, kuma yake da ikon sa hannu a sayo abin da ya ƙare. Idan babu mai wannan iko a cikin tafiyar, ma'aikata za su yi magana sau ɗaya, su yi sau biyu, sannan su yi shiru.

A mai da "saura ƙiris" abin nema

A ɗauka cewa ma'aikaciyar jinyar nan ta dare ta zuƙi allura a sirinji, ta isa bakin gado, sai idonta ya faɗa kan kwalbar ta ga ba maganin da aka rubuta ba ne. A mafi yawan asibitoci abin da zai biyo baya sananne ne: za ta yi hamdala, ta jefar da sirinjin, ta zuƙo na daidai, ta kuma kama bakinta, domin ta san idan ta faɗa takardar tuhuma za ta karɓa. Majinyaci ya tsira, amma tarkon yana nan a ɗane, kwalaben biyu suna nan a aljihun tebur ɗaya suna jiran wadda za ta karɓi aiki gobe. Asibitin da ke neman aminci yana ɗaukar irin wannan aukuwa tamkar darasin da ya samu ba tare da ya biya da ran kowa ba, saboda haka yana nemanta da gangan.

Hanyar tattara ta sai ta kasance mai sauƙi ƙwarai. Littafi ɗaya a teburin ma'aikatan jinya ya wadatar, ko 'yar takarda da za a cike cikin minti biyu a jefa a akwati, mai tambaya uku kacal: me ya faru, me ya hana abin kaiwa ga majinyaci, me kake ganin zai hana a sake. Kada a tilasta rubuta suna. Abin da ke raya wannan littafi ko ya kashe shi shi ne amsa. Duk mako shugabar ɗaki ta karanta abin da aka rubuta, ta rubuta a allo abin da aka yi a kai, ko da amsar ita ce an kai maganar gaba ana jiran kuɗi. Mutum ba ya ci gaba da zuba ruwa a tulun da ya ga ba ya cika.

Akwai abin da ya kamata shugaba ya sani tun da wuri don kada ya firgita, wato idan tsarin ya fara aiki adadin rahotanni hawa zai yi. A wani bincike da ta wallafa a 1996, Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta tarar cewa ɗakunan jinya da suka fi kyakkyawan shugabanci da fahimtar juna su ne suka fi yawan kurakurai a rubuce, kuma da ta bi diddigi sai ta ga dalilin shi ne a can ne ma'aikata ba sa tsoron faɗa. Don haka ɗakin da littafinsa ya yi wata uku fari fat shi ne abin a bincika.

Wannan ba ya nufin an soke horo gaba ɗaya, kuma gara a fayyace wa ma'aikata iyakar tun farko a rubuce. Wanda hannunsa ya kuɓuce alhali yana ƙoƙarin yin daidai, lallashi yake buƙata da gyaran abin da ya ruɗe shi. Wanda ya saba yanke hanya, kamar barin duba lambar kati saboda layi ya yi tsawo, a zauna da shi a nuna masa hatsarin, a kuma tambayi kai me ya sa yanke hanyar ya fi bin ƙa'ida sauƙi. Wanda ya zo aiki a buge, ko ya rubuta awon hawan jinin da bai auna ba, wannan ganganci ne kuma hukunci ya hau kansa. Idan an rasa inda za a ajiye wani lamari, akwai gwaji mai amfani: da an sa wasu ma'aikata uku masu irin horonsa a wannan wuri, a wannan dare, da waɗannan kayan aiki, za su iya yin abin da ya yi? Idan amsar e ce, to laifin yana jikin tsarin.

Idan ɓarna ta riga ta auku

Bayani mai sauƙi guda biyu ne ke rufe bincike a asibiti. Na farko shi ne sakacin ma'aikaci, na biyu kuma kwana ya ƙare. Babu mai jayayya da ajali, amma koyarwar da muka tashi da ita ta ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, kuma binciken mutuwar da ba a zata ba yana cikin ɗaurin raƙumin. James Reason, masanin halayyar ɗan'adam na Jami'ar Manchester, ya kwatanta matakan kariya da yankakken cuku mai huji-huji da aka jera: kowane yanki yana da rami, kuma cutarwa tana isa ga majinyaci ne ranar da ramukan suka daidaita a layi ɗaya. Ma'aikacin da ke bakin gado shi ne rami na ƙarshe, aikin mai bincike kuwa shi ne ya nemo na bayansa.

Abin da ya faru a asibitin Virginia Mason da ke birnin Seattle na Amurka a 2004 ya nuna haka ƙarara. An yi wa wata mata mai suna Mary McClinton, mai shekara 69, allurar ruwan wanke fata a jijiya a maimakon ruwan da ke haska jijiyoyi a hoto, ta rasu bayan 'yan makonni. Da an tsaya a kan wanda ya zuƙi ruwan da an kori mutum ɗaya an rufe fayil. Da aka zurfafa sai aka ga cewa asibitin ya sauya ruwan wanke fata daga mai launin ƙasa-ƙasa zuwa wani garai kamar ruwan sha, ana kuma zuba shi a mazubin da ba a rubuta komai a jikinsa ba, kusa da wani ruwan mai kama da shi. Asibitin ya fito fili ya amsa laifi, ya kuma sauya yadda ake ajiye waɗannan ruwaye. Wanda zai yi irin wannan bincike ya yi shi cikin kwanaki kaɗan tun mutane ba su manta ba, ya je wurin da abin ya faru a irin lokacin da ya faru, ya saurari kowa shi kaɗai, ya kuma riƙa maimaita "me ya sa" har sai ya iso ga abin da hukumar asibiti ke da ikon sauyawa. Iyalan majinyacin kuma a gaya musu gaskiya da wuri, daga bakin babba.

A gyara kayan aiki kafin a yi wa mutane wa'azi

Mafi raunin gyara shi ne a ce wa ma'aikata su ƙara kula. Mai bi masa a rauni shi ne sabuwar sanarwa da taron bita. Mafi ƙarfi shi ne a shirya wurin aiki yadda kuskuren ba zai yiwu ba ko da mutum ya gaji. Sinadarin fotashiyam mai kauri, idan aka tura shi a jijiya ba a sirka ba, yana tsayar da zuciya nan take, kuma abin da ya rage wannan musiba a Amurka da Birtaniya shi ne kwashe kwalabensa daga ɗakunan majinyata a mayar da su wurin masu haɗa magani. Haka maganin sankara mai suna binkiristin, wanda ke kisa idan aka zuba shi a laka maimakon jijiya, kamar yadda ya faru da wani matashi ɗan shekara 18 a birnin Nottingham na Ingila a 2001: shawarar da aka tsaya a kai daga baya ita ce a riƙa haɗa shi a ƙaramar ledar ƙarin ruwa maimakon sirinji, aka kuma ƙera bakin allurar laka wanda sirinjin jijiya ba ya shiga.

Ƙaramin asibiti ma yana da irin nasa. A raba kwalabe masu kama da juna, kowacce da mazauninta. Duk sirinjin da aka zuƙa ba a yi allurar nan take ba a manna masa suna da awo, wanda aka tarar babu rubutu a zubar komai tsadarsa. Kowane yaro a ɗora shi a sikeli a rubuta nauyinsa da kilo a saman katinsa kafin a rubuta masa magani, a kuma manna jadawalin awo a bango don kada a dogara da lissafin ka da tsakar dare. Tantance majinyaci kuwa yana da wata wahala ta musamman a wurinmu, inda za a iya samun A'isha uku a ɗaki ɗaya, biyu ma sunan mahaifinsu ɗaya, wasu kuma ba su riƙe ranar haihuwa ba. A haɗa suna da lambar kati kullum, kuma kada a tantance mutum da lambar gado, domin ana sauya gado. Yadda ake tambayar ma yana da muhimmanci. Idan aka ce, "Hajiya, ke ce wance?" kunya ko zafin ciwo na iya sa ta gyaɗa kai. A ce mata, "Hajiya, faɗa mini cikakken sunanki," sannan a gwada da abin da ke jikin kati da jikin ledar jini.

Takardar tantance matakai da abin da ke sa ta aiki

A jihar Mishigan ta Amurka, ɗakunan kulawa ta musamman 103 sun bi matakai biyar wajen zura bututu a babbar jijiya: wanke hannu, rufe majinyaci da mai aikin da tufafin da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, goge fata da sinadarin kulohekzidin, kauce wa jijiyar matsematsi, da cire bututun da zarar an daina buƙatarsa. Sakamakon da aka wallafa a 2006 ya nuna cewa cututtukan jini da bututun ke jawowa sun ragu da kusan kashi 66 cikin ɗari. Bayan haka, a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar tantance matakan tiyata mai abubuwa 19, aikin da likitan tiyata Atul Gawande ya jagoranta. Da aka gwada ta a asibitoci takwas, daga Toronto da London har zuwa Ifakara ta Tanzaniya, mace-mace bayan tiyata sun sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari, matsaloli kuma daga kashi 11 zuwa 7.

To amma a nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Da lardin Ontario na Kanada ya wajabta irin wannan takarda, binciken da aka yi a asibitoci 101 aka wallafa a 2014 bai ga wani ragi na a zo a gani ba a mace-mace ko matsaloli. Darasin da nake ɗauka shi ne takarda ita kaɗai ba ta warkar da kowa. A Mishigan an tara duk kayan aikin a amalanke ɗaya don kada a tsallake mataki saboda an rasa safar hannu, ana nuna wa kowane ɗaki alƙalumansa, sannan an ba ma'aikaciyar jinya ikon dakatar da likita idan ya tsallake mataki, shugabannin asibiti suna bayanta. Saboda haka wanda zai shigo da takardar tiyata ya tabbatar ana karanta ta da baki a tsaye, sau uku: kafin a sa majinyaci barci, kafin wuƙa ta taɓa fata, da kafin a fitar da shi daga ɗakin. Kowa ya faɗi sunansa da aikinsa, a ambaci sunan majinyaci da aikin da za a yi da ɓangaren jikin da za a yi wa, a ƙirga ƙyallayen tsane jini da almakasai da allurai kafin a fara da kafin a ɗinke. Takardar da aka cike bayan an gama aiki don a saka a fayil ɓarnar biro ce kawai.

Wanda ya gani shi ke da magana

Wannan shi ne mataki mafi wuya, kuma a nan ya kamata a fi daɗewa. A 2005 wata mata 'yar Ingila mai suna Elaine Bromiley, mai shekara 37, ta shiga ƙaramar tiyatar hanci. Bayan an sa ta barci hanyar numfashinta ta toshe, ƙwararrun likitoci uku suka duƙufa suna ƙoƙarin zura mata bututu ta baki, lokaci yana tafiya ba su ankara ba, iskar oksijin a jininta tana ƙasa ƙwarai. Wata ma'aikaciyar jinya ta kawo kayan huda maƙogwaro ta sanar, ba wanda ya tanka mata. Wata kuma ta nemo gado a ɗakin kulawa ta musamman, da ta ga kallon da aka yi mata sai ta soke. Elaine ta rasu bayan kwana 13 sakamakon lalacewar ƙwaƙwalwa. Mijinta Martin, wanda matuƙin jirgin sama ne, ya nemi a yi bincike don a koya, daga baya kuma ya kafa ƙungiyar da ke shigar da darussan aikin jirgin sama cikin aikin asibiti. Ilimin da zai ceci matar yana cikin ɗakin tun farko, hanyar isa kunnen masu yanke shawara ce ya rasa.

Idan haka ta faru a Ingila, sai a auna yadda abin zai kasance a inda aka tarbiyyantar da mu kan cewa ƙarami ba ya katse babba. Wannan tarbiyya abar alfahari ce a gida da majalisa, amma a bakin gadon wanda numfashinsa ke tafiya tana buƙatar a buɗe mata ƙofa. Ba ya wadatarwa a ce wa ƙananan ma'aikata su yi ƙarfin hali. A ba su kalmomin da aka amince da su tun kafin ranar, masu hawa uku, waɗanda ba su saɓa wa ladabi ba. Da farko: "Ranka ya daɗe, hankalina bai kwanta da numfashin Baba ba." Idan ba a juyo ba: "Dokta, oksijin ya sauka ƙasa da kashi 85 yau minti biyar ke nan, ga kayan huda maƙogwaro na kawo." Idan har yanzu shiru: "Ranka ya daɗe, ina roƙon a dakata, wannan maganar ran majinyaci ce." Duk wanda ya ji jimla ta uku wajibi ne ya ɗago ya saurara, kuma ma'aikaciyar tana da izinin kiran wani babban ba tare da neman yardar kowa ba.

Rabin aikin kuma yana wuyan manya. Babban likita ya faɗa da bakinsa kafin a fara aiki cewa duk wanda ya ga abin da bai gamsu da shi ba ya yi magana. Ranar da wani ya dakatar da shi aka duba aka ga babu matsala, ya gode masa a gaban jama'a, domin sauran ma'aikata wannan ranar suke kallo su yanke shawarar ko za su yi magana nan gaba. Tsawa ɗaya a gaban majinyata tana iya rushe aikin shekara.

Masu jinya ma suna cikin waɗanda suka fi sani. Uwar da ta kwana a gefen gado ta fi kowa gane cewa yaronta ba haka yake ba jiya. A Ingila, bayan rasuwar Martha Mills mai shekara 13 a 2021, wadda ƙwayoyin cuta suka mamaye jininta alhali iyayenta suna ta nuna damuwa, an fara aiwatar da wata ƙa'ida mai sunanta a 2024, wadda ta ba majinyaci da iyalansa damar kiran wata tawagar likitoci ta daban ta sake dubawa cikin gaggawa. A asibitocinmu, inda mai jinya ne ke sayo magani, ya ba da abinci, ya juya majinyaci, abu ne mai sauƙi a gaya masa alamomi uku ko huɗu da idan ya gani zai taso ma'aikaci ko da ƙarfe nawa ne, a kuma nuna masa wanda zai je wurinsa idan ba a saurare shi ba.

Miƙa aiki da tsayuwar safe

Labari ya fi ɓacewa a lokacin canjin aiki. A miƙa aiki a bakin gado, da tsari ɗaya kullum: wane ne majinyacin, yaya tsananin ciwonsa, me aka yi, me ya rage, me ake tsoron zai faru da dare da abin da za a yi idan ya faru, sannan mai karɓa ya maimaita da bakinsa. Wani bincike a sassan yara na asibitocin koyarwa tara a Amurka da Kanada, wanda aka wallafa a 2014, ya ga cutarwar da za a iya kauce wa ta ragu da kashi 30 cikin ɗari bayan an koyar da irin wannan tsari. Da safe kuma a yi tsayuwar minti goma, ba zama: wa ya fi ba mu tsoro yau, wa bai zo aiki ba, tukunyar oksijin nawa ta rage, akwai mai a janareta, akwai jini a ma'ajiya.

A yi atisayen ranar da abu zai ɓaci

Duk kariyar da aka gina, wata rana wuta za ta ɗauke ana tsakiyar tiyata, ko mai haihuwa ta ɓalle da jini. Bambancin asibitoci a ranar shi ne saurin ganewa da kuma ko hannu ya riga ya saba. Misali mafi kusa da mu shi ne gwajin E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu kan mata fiye da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano tana cikin jagororinsa. An daina ƙiyasta jini da ido, wanda ya saba raina yawansa, aka shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai aljihu da ma'auni a jiki. Da zarar jini ya kai ma'aunin da aka sa, ungozoma ba ta jiran kowa, kuma ba ta gwada magani ɗaya ta zauna ta ga ko zai yi: ana murza mahaifa, a ba da oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke da maganin tsayar da jini na taranekzamik, a ɗaura ruwa, a duba inda jinin ke fitowa, a kira na gaba, duk a tare. Zubar jini mai tsanani da munanan abubuwan da ke biyo bayanta sun ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari. Magungunan duk sanannu ne tun da, abin da aka sauya shi ne lokacin ganewa da ikon da aka ba wadda ke tsaye a wurin.

A kwaikwayi wannan a kowane ɗaki. A haɗa kayan gaggawa a akwati ɗaya mai jerin abin da ke ciki, a sa mutum guda da sunansa ya duba shi a kowane canjin aiki. Sau ɗaya a wata, ba tare da sanarwa ba, a yi atisaye na minti goma sha biyar a ainihin ɗakin, a riƙe agogo. A nan ne za a gano cewa mabuɗin firjin magani yana aljihun wanda ya tafi salla, ko tocilar ɗakin tiyata batirinta ya mutu tun watan jiya.

Abin da za a riƙa aunawa

Ma'auni biyu ko uku sun isa ga ɗaki ɗaya. Ɗaya ya auna sakamako, kamar mata nawa cikin kowace haihuwa 100 suka zubar da jini fiye da lita ɗaya a wannan wata. Ɗaya ya auna bin mataki, kuma wannan da ido ake auna shi: wani ya tsaya ya kalli tiyata goma ya ƙirga sau nawa aka yi tsayuwar kafin yanka da gaske, domin fayil kullum cewa zai yi an yi. A zana alƙaluman da hannu a takarda wata bayan wata, a manna inda ma'aikata ke shan shayi, a kuma guji amfani da su wajen kunyata wani ɗaki a gaban wani, don ranar da aka fara haka alƙaluman za su gyaru a takarda kawai. Idan wata shida suka wuce ana ganin sauyi, a ɗauki ma'aikata biyu daga wannan ɗaki su je su koya wa ɗaki na gaba da bakinsu. A kuma sa ranar komawa ɗakin farko a sake kallo da ido, musamman bayan an yi sauyin ma'aikata ko sababbin ɗalibai sun shigo, domin a lokacin ne kwalaben nan biyu suke komawa aljihun tebur ɗaya.